Ruwan Tulun Shisha Ba Ya Tace Guba

Tambaya: Ɗana ya koyo shan shisha wajen abokansa a Daura. Ya ce ruwan tulun yana tace gubar. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Sandamu.

Amsa: Hajiya, ba gaskiya ba ne. Babban aikin ruwan nan sanyaya hayaƙi ne, sanyin kuma shi ne tarkon, domin maƙogwaro ba ya jin zafin da zai sa mutum ya dakata, sai ya yi ta zuƙa har cikin huhu. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kusan awa guda, mai shisha kan iya shaƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100. Ga kuma gawayin da ke ci a saman tulun, wanda iskarsa ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Shi ke kawo jiri da ciwon kan da samari ke ɗauka daɗi ne.

Ɗanki zai ce miki ai ƙamshin tuffa ne ko na'ana'a. Taba ce aka jiƙa da zaƙi, nikotin ɗinta kuma yana kama mutum kamar na sigari. Ko an ce wata ba taba a ciki, gawayin yana nan. Bakin tiyon da ke zagaya majalisa kuwa hanya ce ta yaɗa cuta.

Kada ki tozarta shi gaban ƙannensa. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya zaunar da shi. In tari ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti a gwada majinarsa saboda tarin fuka.