Kafin ka sayi fenti

Ɗana, hotunan motar sun iso, na kalle su har sau uku. Masha Allah, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma tunda ka ce ni Baffa in faɗa maka gaskiya, to gyara zama.

Abin da ka saya kwaikwayon Cobra ne, kuma babu abin kunya a ciki. Ta asalin, a 1962 ne Carroll Shelby, wani ɗan tseren mota mutumin Texas, ya samo bodin AC Ace daga Ingila ya dasa masa injin Ford mai silinda takwas. Zuwa 1967 duka-duka kusan dubu ɗaya aka ƙera. Ta farkon, da aka yi gwanjonta a 2016, dala miliyan 13.75 aka biya. Ni da kai ina muka ga wannan? Shi ya sa kamfanoni irin su Factory Five na Massachusetts, tun 1995, suke sayar da shasi da bodi kawai, mutum ya nemo tsohuwar motar Mustang ya kwashe inji da giya da birki, ya haɗa a garejin gidansa.

To nan hankalina bai kwanta ba. Taka motar wani bawan Allah ne ya haɗa ta da daddare bayan ya taso daga aiki. Ba ka san shi ba, ba ka san daren da gajiya ta kama shi ya ce haka ma ya isa ba. Hannunsa ka gada, da kirkinsa da gandarsa. Saboda haka ka ɗaga ta sama, ka shiga ƙarƙashi da tocila. Bodin faiba ne, ba ya tsatsa, kuma da haka yake ruɗin masu saye. Shasin kuwa ƙarfe ne, yana iya ruɓewa alhali sama na ƙyalli. Ka bi walda ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa kowane noti da sifana. Tiyon birki da na mai, in sun tsufa kada ka tsaya shawara da su, canja su. Wayarin ma haka, don faiba yana cin wuta, kuma ba ya ɗaukar lantarki kamar bodin ƙarfe, dole kowace fitila a ja mata wayar da za ta koma shasi. Shekarun da na yi a gareji, na ga masu farawa da fenti da yawa, mafi yawansu sai da suka kankare shi daga baya.

Kuɗi kuma, abin da ka zuba da wuya ya dawo ran sayarwa. Ka ware abin da in ya tafi ba zai taɓa tukunyar gida ba, mai ɗakinka ta san adadin. Kada ta ji shi a bakin mai kawo kaya.

Ranar da ta tashi, ka bi ta a hankali. Gajera ce, marar nauyi, injin ya fi ƙarfin jikinta, kuma yawancinsu ba su da na'urorin da ke riƙe motar zamani in taya ta zame. Ka take totur a kwana, sai ka ga bayanta ya riga gabanta. Salansar nan da ke gefen ƙofa kuwa tana ƙona ƙauri, ka gargaɗi yara kafin su sauka.

In an tare ka a gidan mai ana tambaya ko ta asali ce, ka ce kwaikwayo ce, kai ka gyara ta. Takardunta ma su faɗi haka, tun kafin ka kashe ko dala ɗaya a gyaranta ka duba su.

Hoto na gaba, na ƙarƙashinta nake so. Ka gaida mutanen gidan.