Kalmar Turanci Ta "Rival" Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

To, mai karatu, ga wata kalma ta Turanci wadda za ka riƙa gamuwa da ita cikin jarida ko a bakin akawu. Ga yadda a ke rubuta ta: rival. Wajen faɗa sai ka ce "raibal", amma baƙin nan na tsakiya ba b ba ne sosai. Ka ɗora haƙoranka na sama bisa leɓenka na ƙasa, sa'an nan ka saki murya.

Ma'anarta ita ce mutumin da ku ke neman abu guda kai da shi, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa, watau abokin takara. In 'ya'yan sarki biyu suna neman gadon ubansu, ko samari biyu suna neman budurwa ɗaya, kowane rival ne ga ɗayan.

Asalin kalman nan abin sha'awa ne ƙwarai. Ta shigo Turanci cikin ƙarni na 16, daga harshen Rumawan dā, wanda a ke kira Latin. A harshen nan rivus shi ne rafi, rivalis kuwa mutumin da ku ke ɗiban ruwa a rafi ɗaya da shi. Kai da ka san aikin lambu ba sai an yi maka dogon bayani ba. Da kaka, ruwa na nan a yalwace, maƙwabta biyu suna ban ruwa suna raha. Amma bari bazara ta yi, rafi ya janye, sai ka ga na sama ya datse ruwa, na ƙasa ya zo yana faɗa. Ka ga yadda sunan maƙwabci ya koma sunan abokin takara. Kada kuwa kamar da ta yi da river, watau kogi, ta ruɗe ka. Wannan daga wata kalma dabam ta fito, mai nufin gaɓa.

Mu Hausawa muna da kalmar da ta kusance ta, watau kishiya. Turawan Ingila ba su auren mata biyu a haɗe, saboda haka tasu kalmar ba ta tsaya ga zaman gida ba. Namiji da mace, gari da gari, kamfani da kamfani, duk a kan kira su da ita. Ga misali. Kamfanin Niger Company da na African and Eastern Trade Corporation sun daɗe suna takara wajen ciniki a Afirka ta Yamma. Su rivals ne, ka ga an ƙara s domin su biyu ne. A 1929 suka haɗu suka zama kamfani ɗaya, United Africa Company. Takaran nan da suka yi kafin haɗuwa ita a ke kira rivalry.

Ga inda na ke so ka yi hankali. Rival ba maƙiyi ba ne. Maƙiyi enemy ne, shi kuwa ɓarnarka ya ke nema, ba abin da ka ke nema ba. In kana rubuta takarda a kan wanda ku ke neman aiki ɗaya da shi, ka ce masa enemy, ka ɗora masa laifin da bai yi ba, mai karanta takardar kuma zai ɗauke ka mai husuma. Akwai kuma competitor. Ita ta fi sanyi, ta dace da sha'anin kasuwa da tsere, inda masu nema su ke da yawa. Mahaya ashirin a filin sukuwa duk competitors ne, amma wanda dokinsa ke kai da kai da naka kullum, wanda ka ke kwana da tunaninsa, shi ne rival ɗinka.

Yanzu ɗauki alƙalaminka ka rubuta wannan sau uku: He is my rival, not my enemy. Watau, abokin takarata ne, ba maƙiyina ba. Sa'an nan ka sāke rubuta shi da She a maimakon He, ka ga ko kalmar ta sāke.