Fenti ko Takardar Bango a Banɗaki?

Tambaya daga Gazawa: Malam, na gama ginin banɗaki. In manna takardar bango irin ta kasuwar Maraɗi, ko in yi fenti?

Amsa: Ɗan'uwa, bar takardar nan. Ruwan wanka zai kwance mata gam, gara kuma ta ƙarasa ta. Daga Agye zuwa Gidan Rumji yawancin banɗakuna ba rufi, rana da damina duk a kansu suke ƙarewa. Ka yi shafen siminti, ka bar shi ya sha iska kwana 28, don fenti kan ɗanyen siminti ɓarewa yake. Sannan ka shafa fentin mai hannu biyu. In da hali, sa karo daga ƙasa zuwa ƙirji. In bangon laka ne, farar ƙasa ta fi, tana barin danshi ya fita.