Kaset ɗin Neo Geo da Suka Cancanci Ajiya

Mai tara tsofaffin kaset na injin wasa na Neo Geo MVS, wanda kamfanin SNK na Japan ya fitar a 1990, yawanci Metal Slug da King of Fighters yake fara nema. Shawarata ka fara da Shock Troopers na 1997. Sojoji takwas ne, ka ɗauki ɗaya ko ka haɗa uku kana sauya su ana tsakiyar ɓarin wuta, ga hanyoyi uku da za ka bi. A zamaninsa ba a buga shi a kaset ɗin injin gida na AES ba, shi ya sa nake ganin darajarsa.

Sai Neo Turf Masters na 1996, wasan golf daga Nazca, waɗanda suka yi Metal Slug. Ko golf bai dame ka ba, zai zaunar da kai. Windjammers na 1994 kuwa jifan faifai ne, sai da aboki yake daɗi.

Kafin ka biya, sa a buɗe kaset ɗin ka ga allon ciki, don jabu sun yi yawa. Nemi tambarin SNK, ka yi hattara da mai wayoyin da aka liƙa da hannu. Kaset ɗin MVS kuma ba ya shiga AES sai da adafta.