Wushirya da Giɓi: Hanyoyin Rufe Tazarar da ke Tsakanin Haƙora

A ƙasar Hausa ana ɗaukar wushirya, wato 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba biyu na sama, a matsayin ado, kuma ilimin likitancin haƙori bai saɓa wa wannan fahimta ba matuƙar haƙoran da dasashin suna cikin ƙoshin lafiya. Sai dai ba kowace tazara ce halitta ba, domin akwai wadda cuta ke buɗewa, akwai kuma giɓin da faɗuwar haƙori ke bari, kuma kowanne da irin maganinsa. Saboda haka aikin farko da ke gaban likita shi ne gano musabbabi ta hanyar duba baki da ɗaukar hoton ƙashi.

Daga cikin musabbaban da aka fi cin karo da su akwai ƙanƙantar haƙora idan aka gwada su da faɗin muƙamuƙi, wanda galibi gado ne, da kaurin tantanin da ya haɗa leɓen sama da dasashi idan ya sauko har tsakanin haƙoran gaba, da wani ƙarin haƙori da kan maƙale cikin ƙashi ya raba su, da kuma tsotsar yatsa ko tura haƙora da harshe. Ga yara kuwa, tazarar da ke bayyana bayan famfara ba abin damuwa ba ce, domin idan ba ta wuce milimita 2 ba takan rufe da kanta sa'ad da fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12. Wadda ta fi buƙatar gaggawa ita ce tazarar da ta soma buɗewa bayan mutum ya manyanta, musamman idan ta zo tare da zubar jini lokacin asuwaki, da warin baki, da girgiɗin haƙori, domin alama ce ta ciwon dasashi da ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwa. A irin wannan hali dole ne a fara da wanke ƙarƙashin dasashi har cutar ta lafa, kafin a yi maganar gyaran ado.

Idan tazarar ƙarama ce kuma dasashi lafiyayye ne, hanya mafi sauƙi ita ce liƙa farin ciko, wato wani sinadari mai launin haƙori da ake ɗorawa a gefen haƙoran biyu don a faɗaɗa su, sannan a daskarar da shi da shuɗin haske. Tushen wannan dabara shi ne binciken da Michael Buonocore ya wallafa a Amurka a 1955, inda ya nuna cewa shafa ruwan asid a kan farin ɓawon haƙori yana sa ciko ya kama shi da ƙarfi. Ana gama aikin a zama ɗaya, galibi ba tare da allura ko goge haƙori ba, amma cikon yakan rine da goro, da shayi, da taba, yakan kuma buƙaci sabuntawa bayan wasu shekaru. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne siririn marfin tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori, wanda ba ya saurin rinewa kuma yakan kai shekara 10 ko fiye, sai dai ya fi tsada, kuma yawanci sai an goge kimanin rabin milimita na ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa har abada.

Inda tazarar ke da faɗi, ko ta watsu a wurare da yawa, ko haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, abin da ya dace shi ne a matsar da haƙoran kansu. Ana yin haka da wayar haƙori, wadda ke jan su a hankali yayin da ƙashi ke narkewa ta gefe ɗaya yana sake ginuwa ta ɗaya gefen, aikin da kan ɗauki daga watanni zuwa shekara 2 tare da komawa asibiti kusan duk wata. Akwai kuma kwasfar roba da ake iya gani ta cikinta, irin su Invisalign, wadda ake sawa awa 20 zuwa 22 a kullum, ana sauya ta duk mako ɗaya ko biyu. Ko da wacce aka yi amfani, wushirya tana da halin komawa, don haka ake liƙa siririyar waya a bayan haƙoran ko a ba da abin riƙewa na dare, idan kuma tantanin leɓe ne sanadi sai a rage shi da ƙaramar tiyata, yawanci bayan an rufe tazarar.

Giɓin da faɗuwar haƙori ya bari yana da hanyoyin magani uku. Na farko haƙorin roba da ake cirewa a wanke, wanda ya fi araha. Na biyu gada, wato haƙorin da ake rataya a kan maƙwabtansa biyu bayan an sassaƙe su. Na uku dashe, inda ake kafa turken ƙarfen titaniyam cikin ƙashi, a jira wata 3 zuwa 6 ya haɗe da shi, sannan a ɗora haƙori a kai. Per-Ingvar Brånemark ne ya fara yi wa ɗan Adam irin wannan dashe a ƙasar Suwidin a 1965. Ba a yin sa sai muƙamuƙi ya gama girma, kuma shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna rage nasararsa. Barin giɓi haka nan yana da nasa lahani, domin maƙwabtan sukan karkato cikinsa, na sama ko na ƙasa ya zazzago, tauna ta raunana.

Akwai abubuwa biyu da kan jawo asarar da ba ta da gyara. Ɗaya shi ne ɗaure haƙora da kyauron roba a gida don a matse su, domin robar takan zame ta shige ƙarƙashin dasashi ta cinye ƙashi har haƙoran su faɗi. Ɗayan kuma shi ne fiƙe lafiyayyun haƙora don ƙirƙirar wushirya, wanda kan jawo tsami da zogi, wani lokaci ma ya kashe jijiyar haƙori ya baƙanta shi.

Mai wushirya ta halitta ba ya buƙatar magani sai in shi ya so. Wanda kuwa ya ga tazara tana buɗewa, ko yake da giɓi, ya kamata ya je wurin likitan haƙori mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, ko sashen haƙori na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya kuma nemi a bayyana masa musabbabi, da tsawon lokacin aiki, da kuɗinsa, kafin ya yarda a taɓa masa haƙori.