Malamin da Ke Cikin Akwati

Dukanmu mun san abin da a kan yi idan baƙo ya yi sallama. Maigida ya kan fita zaure, ya ji daga ina ya fito da abin da ya kawo shi, kana a ba shi ruwa da wurin zama. Ba mai barin mutumin da bai sani ba ya wuce cikin gida ya zauna da yara shi kaɗai. Amma akwai wani baƙo wanda ya ke shiga gidaje ba sallama, yana koya wa yara magana da waƙa da hali, watau akwatin talabijin, da ƙanwarsa wayar hannu. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ya kan kawo farin kai. Saboda haka a darasin wannan wata za mu duba labarin waɗansu mutane a Amurka waɗanda suka mai da akwatin nan malamin kirki. Daga aikinsu za mu sami ma'aunin da za mu gwada abin da 'ya'yanmu su ke kallo.

1. Wa ya biya?

Shirin talabijin yana cin kuɗi da yawa, lalle kuwa wani ne ya biya. A Amurka yawancin gidajen talabijin na 'yan kasuwa ne. Mai kaya ya kan biya domin a yi masa talla, gidan kuwa ya kan nemi shirin da zai tara idanu masu yawa. A irin wannan ciniki idon yaro shi ne haja. Ana nuna masa wasa domin ya zauna har a tallata masa alewa da kayan wasa.

Tun da wuri waɗansu suka ga hatsarin wannan. A 1952 hukumar da ta ke raba tashoshi ta keɓe guda 242 domin ilimi kaɗai. Na fari ya buɗe a birnin Houston a 1953. Gidajen nan sun sha fama da rashin kuɗi, har a 1967 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar taimakon rediyo da talabijin na jama'a. A 1970 ƙungiyar da a ke kira PBS ta fara aiki, ta haɗa gidajen wuri ɗaya. Gwamnati ta ba da wani kashi na kuɗin, sauran kuwa ya fito daga kyautar masu kallo da ƙungiyoyin taimako da kamfanoni, kamar yadda jama'a ta kan tara gudummawa ta riƙe makarantarta. Da ya ke ba a yanke shiri domin talla, mai shirin yana da damar tambayar kansa abin da zai amfani yaro.

2. Faston da ba a ba shi majami'a ba

An haifi Fred Rogers a 1928 a garin Latrobe, cikin jihar Pennsylvania. Yaro ne mai yawan ciwo, ya kan zauna a ɗaki shi kaɗai yana kiɗa yana wasa da 'yan tsana. A 1951, yana gab da gama karatun kiɗa a kwaleji, ya zo gida hutu, ya ga mutane a talabijin suna jifan juna da abinci a fuska domin a yi dariya. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Maimakon ya juya wa akwatin baya, sai ya ƙudura zai shiga aikin ya gyara.

Ya koyi aikin a New York shekara biyu. A 1953 ya koma birnin Pittsburgh, ya taimaka a kafa gidan talabijin na ilimi mai suna WQED, wanda ya fara aiki a 1954. Yana aiki yana kuma zuwa makarantar horon fastoci a lokacin hutun cin abinci, har wajen shekara takwas. A 1963 ekklesiyar Presbyterian ta naɗa shi, ta ɗora masa hidimar yara da iyalai ta hanyar talabijin. Shirinsa mai suna Mister Rogers' Neighborhood, watau Unguwar Malam Rogers, ya fara kaiwa ko'ina cikin ƙasar ran 19 ga Fabrairu 1968, ya ƙare a 2001 bayan kashi kusan 900. Shi kansa ya rasu a 2003. Bai yi wa'azi a cikin shirin ba, gama yaran kowane addini ne su ke kallo. Abin da ya gaskata a cikin halinsa aka gan shi.

3. Yadda ya koyar

Da fari, bai yi hanzari ba. Kowace rana ya kan shigo ta ƙofa ɗaya, ya tuɓe kwat, ya sa rigar sanyi wadda uwarsa ta saƙa masa, ya sake takalmi. Ya sani ƙaramin yaro yana samun kwanciyar rai idan ya san abin da zai biyo baya. Ya kan dubi mai kallo sosai, ya yi magana kamar da yaro guda ɗaya ya ke yi. Wata rana ya ajiye agogo ya yi shiru minti ɗaya cur, domin yara su ji tsawon minti. Bai dogara ga hikimar kansa ba. Shekara da shekaru yana kai abin da ya rubuta wurin Margaret McFarland, masaniyar halin yara a Jami'ar Pittsburgh, su auna shi kalma kalma, har ta rasu a 1988.

Na biyu, ya saurari yara. Yana da kifaye a cikin shirin, ya kan ba su abinci. Wata yarinya makauniya 'yar shekara 5 ta sa aka rubuta masa cewa tana damuwa, gama ba ta sani ba ko an ciyar da su. Daga nan ya riƙa faɗi da baki sa'anda ya ke ba su abinci.

Na uku, ya gaya musu gaskiya daidai ƙarfinsu. A 1970 wani kifinsa ya mutu. Bai ɓoye ba. Ya binne shi a gaban yara, ya ba su labarin baƙin cikin da ya yi yana yaro sa'anda karensa ya mutu. A 1981 ya yi mako guda yana magana a kan mutuwar aure, domin yaro ya kan zaci laifinsa ne ya raba iyayensa. Ya koya musu cewa fushi ba abin kunya ba ne, amma akwai hanyar huce shi ba tare da an cuci kowa ba.

Na huɗu, ya nuna abin da maƙwabtaka ta ke nufi. A zamanin nan turawa da yawa a Amurka ba su yarda su yi iyo a ruwa ɗaya da baƙar fata ba, ko da ya ke dokar 1964 ta hana wariya. A 1969 Rogers ya zauna ya tsoma ƙafafunsa cikin babban daro na ruwan sanyi. Ya kira François Clemmons, baƙin mutum mai fitowa a matsayin ɗan sanda, ya ce ya zo su tsoma tare. Suka share ƙafa da tawul ɗaya. A 1993 suka sake yin haka, Rogers kuwa ya taya shi share ƙafafunsa. Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba ya bukatar a gaya masa inda ya taɓa ganin daro da tawul.

Ran 1 ga Mayu 1969 aka kira shi gaban wani kwamiti na majalisar dattawa, gama gwamnatin Shugaba Nixon tana so ta rage dala miliyan 20 na talabijin na jama'a zuwa rabi. Shugaban kwamitin, John Pastore, mutum ne mai zafi. Rogers ya yi magana a hankali wajen minti shida a kan abin da ke cikin zuciyar yaro. Da ya gama, Pastore ya ce ga alama ya ci kuɗin.

4. Masu gwada aikinsu

Shiri na biyu da za mu duba shi ne Sesame Street, wanda ya fara ran 10 ga Nuwamba 1969. Wata mace mai suna Joan Ganz Cooney ta lura yara ƙanana sun haddace waƙoƙin tallar giya ba wanda ya koya musu. Ita da Lloyd Morrisett suka yi tambaya: idan akwati ya iya koyar da wannan, me zai hana ya koyar da baƙaƙe da ƙidaya? Nufinsu shi ne 'ya'yan matalauta, masu shekara 3 zuwa 5, waɗanda su kan shiga makaranta a baya da 'yan'uwansu. Suka tara wajen dala miliyan 8, suka haɗa malaman jami'a da marubuta da Jim Henson, gwanin 'yan tsana.

Hanyarsu ta bambanta da ta Rogers, gama nasu shirin gajere gajere ne, da waƙa da ban dariya. Amma ga abin koyi: ba su ce tun da nufinsu nagari ne lalle aikinsu ya yi kyau ba. Su kan zaunar da yara gaban akwati, a gefe kuma su sa wata na'ura mai sake hoto kowane daƙiƙa bakwai da rabi. Duk inda idon yaro ya bar shirin ya koma ga hotunan, sai su rubuta. Da haka suka gane yara suna gajiya idan manya kaɗai su ke magana, sai suka kawo 'yan tsana cikin mutane. A 1970 wata ƙungiyar jarrabawa dabam ta gwada yara fiye da 900, ta iske waɗanda suka fi kallo sun fi sanin baƙaƙe da lambobi.

Su ma ba su yi wa yara ƙarya ba. A ƙarshen 1982 Will Lee, mai fitowa a matsayin tsoho mai kanti, ya rasu. Da sun so, da sun ce ya yi tafiya. Amma a Nuwamba 1983, ran wani biki da iyali su kan taru a gida, suka gaya wa yara cewa ya mutu, ba zai komo ba, akwai kuma masu ƙaunarsu da za su ci gaba da lura da su. Sun zaɓi ranar domin iyaye su kasance kusa su amsa tambaya.

Ƙasashe da yawa sun yi nasu irin shirin. A 2011 gidan talabijin na NTA a Nijeriya ya fara nuna Sesame Square. A ciki akwai Zobi mai son doya, da Kami, yarinya 'yar shekara 5 mai ɗauke da cutar ƙanjamau, domin yara su koya kada su guji mai ciwo. An kuma koyar da kwana cikin gidan sauro.

5. Abin da akwati ba ya iyawa

Kada mu zaci irin wannan shiri yana tsayawa da kansa. A Yuli 2025 majalisar Amurka ta janye wajen dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa rediyo da talabijin na jama'a, hukumar da aka kafa bisa dokar 1967 kuwa ta sanar za ta rufe. Gidajen ƙananan garuruwa da na karkara su ne suka fi dogara ga kuɗin. Abin kirki yana bukatar masu riƙe shi, a can da nan duka.

Kada kuma mu zaci malamin akwati zai ɗauke mana kaya. Masu Sesame Street da gangan suka sa ban dariya irin na manya, domin uwa ta zauna ta kalla tare da ɗanta. A Isra'ila aka gwada wannan a shekarun 1970: aka roƙi waɗansu iyaye mata su riƙa kallo tare da 'ya'yansu, 'ya'yan matalauta da aka yi wa haka kuwa suka fi ƙaruwa. Dalilin a fili ya ke. Kakar da ke ba da tatsuniya da dare tana ganin fuskar jikanta. Idan ya tsorata ta sani, idan bai gane ba ta maimaita. Akwati ba ya ganin kowa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban akwati, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Bari mu zauna tare da yaranmu mu kalli abin da su ke kallo. Mu tambayi kanmu: wa ya biya shirin nan, me kuma ya ke so daga wurin ɗana? Yana magana da shi a hankali, ko kuwa yana ta da masa hankali ne kawai? Yana faɗin gaskiya? Wane hali ya ke yabo, wa kuma a ke yi wa dariya? Idan shirin ya ƙare, mu kashe akwatin, mu ce wa yaro ya ba mu labarin abin da ya gani. A cikin amsarsa za mu ji abin da aka koya masa.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin gidan talabijin na 'yan kasuwa da na jama'a?
2. Faɗi hanyoyi huɗu da Fred Rogers ya bi wajen koyar da yara. Wacce a cikinsu malamin makarantar Lahadi zai iya bi?
3. Don me masu Sesame Street suka gwada shirinsu a gaban yara?
4. Yaya za mu gaya wa ƙaramin yaro labarin mutuwa ba tare da ƙarya ba?
5. A makon da ya wuce, sa'a nawa yaran gidanku suka yi gaban akwati ko waya, wa kuma ya zauna tare da su?