Kwalejin Katsina da Tushen Ƙagaggen Labarin Hausa

Gabatarwa

An kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a shekarar 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Manufarta ita ce samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Wannan maƙala ta dubi wani sakamako da ba ya cikin wannan manufa, wato gudummawar kwalejin ga rubutaccen adabin Hausa.

Tsari da Sauye-sauye

Makarantar kwana ce ta 'yan maza, kuma ɗalibai ƙalilan ake zaɓo mata daga kowane lardi. Yaron da ya taso a ƙasar Gwandu, ko da daga Bagudo ne a bakin iyakar Dahomey ta wancan zamani, sai ya bi ta makarantar lardi kafin a sa ran zaɓensa. Ta fuskar tace ɗalibai, ta yi kama da tsofaffin makarantun Jimnaziyum na Jamus, inda Latin da Girkanci suka zama mizani. A Katsina, Ingilishi ne mizanin.

An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa a 1971.

Kwalejin da Adabin Hausa

Akasarin masu waiwayar tarihinta kan tsaya ne ga shugabannin da ta yaye, irin su Sa Ahmadu Bello da Shehu Shagari. Sai dai a gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a 1933, uku daga cikin littattafai biyar da suka yi fice sun fito ne daga alƙalamin mutanenta. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, tsofaffin ɗalibanta ne, Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, kuwa malami ne a cikinta. Imam ɗin ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Kammalawa

Ke nan makarantar da aka gina don ƙarfafa Ingilishi ita ce ta reni magabatan rubutun zube na Hausar boko. Saboda haka, manazarcin salon waɗannan littattafai na buƙatar sanin abin da marubutansu suka karanta a aji, gwargwadon yadda yake buƙatar sanin tatsuniyoyi da karatun allo da suka taso da su.